TSARABAR DA TA KUSA RABA NI DA AMINIYATA

  

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labarin soyayya, wance ta so wane, iyaye suka ƙi, aka sha wuya, daga baya aka dace. To yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Abin da ya faru da ni ne, ni ɗin nan, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Sai da na nemi izinin wadda abin ya shafa, ta ce in rubuta amma kada in kama suna, sannan na ɗauki biro. Don haka a nan Amarya kawai zan riƙa ce mata.

Yadda Tafiyar Ta Samo Asali

Ni mutuniyar Kanya Babba ce, a ƙaramar hukumar Ɓaɓura ta Jihar Jigawa, kuma ban taɓa wuce Kano ba sai a watan Janairun 2025, wanda ya yi daidai da Rajab. Kawuna da ke kasuwanci a Kantin Kwari ne ya biya wa mahaifiyarsa, wato kakata Hajiya, kuɗin Umara. Da yake gwiwoyinta sun gaji, dole sai da mai tura ta a keke da mai taya ta kwana, sai rabon ya faɗo kaina. Hajiya ta dube ni ta ce, "Oh ni! Duk jikokin nan a rasa wadda za a haɗa ni da ita sai kishiyata?" Na ce, "Ki kwantar da hankalinki tsohuwa, ba zan sako ki a gangara ba."

Tun ana saura sati biyu gidanmu ya koma kamar ƙofar mai unguwa. Wannan ta ce dabino, waccan ta ce Zamzam, wata carbi. Amma ƙawayena duk bakinsu ɗaya: sabulun wanka, man zaitun, habbatus sauda, tozali da lalle. Sai da na cika fallen takarda gaba da baya.

Daren da za mu tafi Amarya ta zo. Tun muna aji ɗaya a firamare muke tare, kwano ɗaya muke ci, har zane mukan yi musaya. An sa bikinta cikin Sha'aban, kafin azumi ya kama. Ta ja ni ɗaki ta damƙa min naira dubu 20, kuɗin ɗinkin hular da ta daɗe tana tarawa, ta ce, "Ƙawata, ni ba abaya nake so ba, ba sarƙa ba. Kayan gyaran jiki za ki sayo min, na asali irin na Larabawa, wanda ba a yi masa haɗi ba. So nake ranar bikina kowa ya san aminiyata ta je Makka." Na ce, "Ke dai ki sa ido." A lokacin riyal ɗaya na kai wajen naira 400, kun ga kuɗin nata riyal 50 ke nan. Na ƙulle su daban a bakin gyale.

Abin Da Hajiya Ta Shinshino

Bayan mun sauke Umara lafiya, ran nan da la'asar sakaliya Kawu ya kai mu wani kanti na masu sayar da turare da saiwoyi, irin waɗanda Larabawa ke kira aɗɗar. 'Yan uwa, gani ya kori ji! Tun daga ƙofa ƙamshi ya buge ni. Buhuna jere, kwalabe har rufi, ga garin kala-kala an tula kamar dala. Mai kantin da ya ga baƙaƙen fata sai ya hau 'yar Hausarsa, "Hajiya zo, araha, mai kyau!"

Na fara nuna wani koren gari cikin leda mai kyau. Ya ce sunansa sidir, ana wanke gashi da jiki da shi, riyal 15. Har na sa hannu a jaka, sai Hajiya ta ce daga kan kekenta, "Miƙo nan in ji." Ta buɗe ta shinshina, ta ɗan lasa, sai ta kwashe da dariya har da tari. "Ke ja'ira, magarya ce fa! Ita za ki ba naira dubu 6? Wadda awaki ke ci a bayan gidanmu?"

Kunya ta kama ni. Ashe sidir ɗin da muke ji a makarantar Islamiyya, wanda ake wankan gawa da ruwansa, shi ne dangin magarya da 'yar uwarta kurna. In aka daka ganyen aka dama da ruwa yakan yi 'yar kumfa, shi ya sa kakanninmu suka yi wanka da shi tun ba a san sabulun kanti ba.

Daga nan fa Hajiya ta samu abin yi. Duk abin da na ɗaga sai ta raɗa masa sunansa na gida. Sana makki, ta ce filasko ne mai wanke ciki. Karkade, zoɓo ne, wanda manoman Jigawa ke lodawa a manyan motoci ana fita da shi har Meziko. Samag arabi, ƙaro. Lifa da aka ɗaura wa igiya aka sa a kwali, soso ne, irin wanda ke yaɗo a kan danga. Da ta shinshina luban, wato ƙaron turaren da ake kawowa daga Oman da Yaman da Somaliya, ta ce, "Wannan ɗan uwan hano ne, sai dai ya fi namu ƙamshi, gaskiya ɗaya ce."

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wasu 'yan gwangwanaye da aka jera a wuri na musamman. Na duba, sai ga man kaɗe da sabulun salo, an rubuta cewa daga Afirka aka kawo su, kuma kuɗinsu ya fi na saura. Wato mu muna ketare teku neman nasu, su kuma matansu na rububin namu. Daga baya, a watan Agustan 2025, da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6, na ji ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya daga Nijeriya take fitowa, amma rabonmu a cinikinta bai kai kashi 1 ba. Sai na tuna da gwangwanayen nan.

Kada ku ce na ce babu abin kirki a can. Akwai, kuma na sayo. Akwai sabulun Halab na ƙasar Siriya, wanda ake dafawa da man zaitun da man wata bishiya mai suna gar, a shanya shi watanni har bayansa ya yi ruwan ƙasa, cikinsa kuwa kore shar. Shi da sabulun Nabulus na Falasɗinu, har da al'adar ƙunshin lalle, duk hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan gadon duniya a watan Disamban 2024. Akwai sabulun Maroko mai laushi kamar man shanu, da ruwan wardi na Ɗa'ifa, da habbatus sauda, da asuwaki ɗanye. Na saya wa Amarya sabulun Halab biyu, da ruwan wardi, da man zaitun, duk a kantin, duk da rubutu a jiki. Kuɗinta ya rage riyal 12. Da a nan na tsaya, da ba ku ga wannan rubutu ba.

Araha Ba Ta Ado

Daren da za mu bar Makka na fito sayo wa Hajiya madara, sai na ga wata mata ta baza kaya a tabarma a wani lungu. Ta ɗago wata koriyar leda mai hoton ganye, ta nuna min rubutun gabanta da manyan baƙaƙe, wai lalle ne tsantsa na asali. Ta nuna min bayan hannunta, zane baƙi wuluk kamar an ɗiga tawada, ta ce minti 20 kawai yake yi ya kama. Ta kuma ɗauko wani ɗan kwalba mai farin mai, babu suna babu komai, ta ce haɗin amare ne, sati biyu fata ta yi haske. Duka biyun riyal 12. Na ce a raina, kai, wannan ai rabon Amarya ne.

Da na koma masauki na nuna wa Hajiya, sai ta taɓe baki ta ce, "Lallen da zai kama baƙi kafin a dafa shayi ba lalle ba ne. Lalle ja ne, kuma sai an kwana da shi. Mu a zamaninmu sai an yi ta maimaita ƙunshi kwana da kwanaki kafin ya rine ya yi duhu. Zubar da shi." Na ce to. Da ta yi barci na tura shi can ƙasan akwati. A zuciyata cewa nake, tsohuwa me ta sani game da kwalliyar zamani?

Ranar Ƙunshi

Muka dawo lafiya, aka sha murna, aka raba tsaraba. Amarya ta rungume ni har da 'yar ƙwallarta. Farin man nan ta ce sai ta tare za ta fara shafawa, kuma wannan jinkirin Allah ne Ya kiyaye.

Ranar Laraba aka yi ƙunshi. Mai zane ta kwaɓa lallen Makka, ta zana mata fulawa tun daga yatsu har gwiwar hannu, da ƙafafu har ƙauri. Wallahi ya yi kyau. 'Yan biki da suka zo daga Kazaure da Roni sai tambaya suke, ina aka samo wannan? Ni kuwa sai hura hanci nake.

Daren Alhamis ta fara susa. Muka ce ko sanyin hunturu ne. Kafin asubahin Juma'a hannuwan sun kumbura, zanen nan kaf ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, kowace fulawa da kowane reshe, kamar an bi layin da wuta. Inda lallen bai taɓa ba kuwa lafiya lau. Ga ɗaurin aure gobe Asabar.

Ƙanwarta ce ta zo da gudu ta faɗa min. Na zari gyale ko takalmi ban daidaita ba. Ina isa zaure sai na yi kiciɓis da goggonta, ta tare ƙofa ta ce, "Kin zo ganin aikinki? Koma, ya ci." Na ce, "Goggo, me na yi?" Ta ce, "Kya tambaye ni? Dama an daɗe ana faɗa mana muna ƙaryatawa."

Ashe magana ta riga ta zaga gari. Angon malamin makaranta ne, kuma da yake yana yawan shiga Kano, shi nakan ba rubutuna ya kai wa mai buga min. Abin da 'yan gulma suka riƙe ke nan. Wai son shi nake, wai don baƙin ciki na je har Makka na haɗo mata sammu a cikin lalle. Ku ji fa, a ƙasa mai tsarki! Na dawo gida na faɗa kan gado, na yi kukan da ban taɓa sa wata tauraruwar littafina ta yi irinsa ba. Ba zargin ne ya fi ci min rai ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san hannuna ne ya kawo abin, kuma an hana ni ban hanu ba.

Hajiya ba ta ce min "ai na faɗa miki" ba. Sandarta ta jawo ta ce, "Tashi ki share hawaye. Je ki wurin mai zanen ki karɓo ledar, ko a bola take ki tono ta." Ita da kanta, da gwiwoyin nan nata, ta taka har gidan su Amarya ta ce wa mahaifiyarta, "Ba turare za ku yi mata ba, ba rubutu ba. Ku ɗauko ta mu tafi asibiti, in sammu ne ma a can za mu ji."

Layi Uku A Bayan Leda

Likitar da ta duba ta mace ce mai natsuwa. Ta kalli hannun, ta karɓi ledar, ba ta ko dubi gabanta ba ta juya bayanta. Ta ce, "Wa ya iya karatu a cikinku?" Aka nuna ni. Ta ɗora yatsa a kan wasu 'yan ƙananan baƙaƙe ta ce in karanta da ƙarfi. Da Turanci aka rubuta cewa na rina gashi ne kawai, kada a shafa a fata, kuma akwai sinadarin PPD a ciki.

'Yan uwa, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da na gama sakandare, ni mai rubuta littafi ana saye a kasuwa, na kasa tsayawa in karanta layi uku a bayan leda.

Likita ta yi mana bayani. Ta ce PPD shi ne sinadarin da ke cikin baƙin rinin gashi, wanda muke kira dayis, kuma shi ake zubawa a lalle don ya yi baƙi nan take. Ta tambayi Amarya ko an taɓa yi mata zanen dayis. Ta ce an yi mata da Sallar bara, ya ɗan yi mata ƙaiƙayi ya wuce. Likita ta ce to tun ran nan jikinta ya ƙulla gaba da shi. Karon farko yana iya wucewa salin-alin, ko ya ɗauki sati ɗaya zuwa biyu kafin ya nuna, amma in jiki ya riga ya san shi, cikin kwana ɗaya zuwa uku yake tashi. Ta ce daga yau har ƙarshen rayuwarta ba ita ba baƙin lalle, ba ita ba baƙin rinin gashi. Sannan ta juya ga Goggo ta ce, "Hajiya, babu wanda ya yi wa 'yarku asiri. Rashin sani ne."

Da na ga haka sai na ce a kawo farin man nan ma. Ta buɗe ta rufe, ta ce a binne shi. Ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen marasa suna sau da yawa akan samu zaiba a cikinsu, mai lalata ƙoda, ko maganin da ake kira sitiroyid, mai sa fata ta yi siriri ta tsattsage, jijiyoyi su fito. Ta tuna mana cewa a watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

An ɗaura aure ranar Asabar kamar yadda aka sa. An kai Amarya da hannuwa a naɗe, mayafi ya rufe. Da wasu suka ba ango shawarar a ɗaga biki har ta warke, cewa ya yi, "Ni ba zanen hannunta na kai wa sadaki ba. Ku kawo min matata in yi jinyarta da kaina." Allah Ya ba ku irinsa, ku ce amin.

Ban je kai amarya ba, kunya ta hana ni. Ranar kwana bakwai ta aiko a kira ni. Na shiga ina sunkuyar da kai, ta ce, "Ƙawata, ɗago. Ni na ce ki sayo, ke kuma so ne ya sa ki." Muka rungume juna muka sha kuka. Ƙurajen sun warke, amma inuwar fulawar nan ta yi watanni a hannunta, duk sanda ta miƙo min kofin ruwa sai gabana ya faɗi. Goggo kuwa har yau in na gaishe ta, da ƙyar take amsawa.

Shawarata Gare Ku

Ba ku kaɗai masu tafiya ba, har ku masu ba da saƙo da masu karɓar tsaraba, ga abin da na koya da tsada.

Na farko, hoton ganye da kalmar "na asali" a gaban kwali talla ce. Gaskiyar tana baya, cikin ƙananan baƙaƙe. Ki karanta abin da aka haɗa, da ranar lalacewa, da sunan masu yi. In ba ki iya yaren ba, ki ba wanda ya iya. Abin da ba shi da rubutu sam, in mai ne ko haɗi, ki bar shi ko kyauta aka ba ki.

Na biyu, ki tambayi sunan abu da Hausa kafin ki biya. In akwai tsohuwa kusa, ba ta ta shinshina. Kuma in da hali ki sayi ganye ko saiwa ko ƙwaya yadda Allah Ya halicce su, don gari shi ake yi wa haɗi.

Na uku, lalle na gaskiya kore ne mai ƙamshin ganye, yana ɗaukar awoyi, ya fara da ruwan goro sannan ya nuna ya yi ja. Duk wanda aka ce yana baƙi cikin mintoci, ko gwaji kada ki yi.

Na huɗu, sabon sabulu ko mai, ki ɗan shafa a cikin damtsenki ki jira kwana 2 kafin ki kai shi fuska. Kuma kada amarya ta fara gwada sabon abu a satin bikinta.

Na biyar, ku yi hattara da tozali, musamman ga jarirai. Kwalli mai ƙyalli sau da yawa dutsen dalma ne. A shekarar 2011 a birnin Boston na Amurka an samu gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ita ce kuwa gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Na shida, na sha ba kamar na shafawa ba ne. Filasko ko daga Makka ya zo filasko ne, yawan shansa na wahalar da hanji, mai ciki kuwa kada ta kusance shi sai da izinin likita.

Na ƙarshe, kwalbar da ta wuce mililita 100 ba a shiga da ita jirgi a jakar hannu. Ki ɗaure bakinta da leda biyu ki sa a babban akwati, nesa da tufafi, kada man habbatus sauda ya yi wa sabuwar abayarki wanka.

Tsaraba amana ce 'yan uwa, domin wadda kika kawo wa ba za ta yi bincike ba, ke ta yarda da ke. Da Sallar da ta wuce Amarya ta zo gidanmu, Hajiya ta sa aka tsinko lallen da ke bayan ɗakinta, aka daka aka tankaɗe, ta ƙunsa mana da hannunta ni da ita, muka kwana a tabarma ɗaya ƙafafu cikin leda muna hira kamar da. Da safe muka kwance, ya kama jawur. Hajiya ta leƙo ta ce, "To kishiya, wannan riyal nawa za ki biya ni?"

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai irin wannan labari ta rubuto mana ta hannun Edita don wasu su amfana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, daga Kanya Babba.